Sallamar da Ta Sa Jirgin Lyon Ya Bar Ni

Ni ba fasto ba ne. Hatsi nake saya a ƙauye in sayar a birni, kuma a coci aikina bai wuce kula da rufi da kujeru ba. Da dattawan cocinmu suka shirya tura mutum biyu Faransa su ziyarci 'yan'uwa masu jin Hausa, an sa ni ne in riƙe wa fasto jaka in kula da hanya. Bizata ta fito, tasa ba ta fito ba. Aka ce in tafi ni kaɗai.

Akwai dalilin gaggawar. Wani dattijo daga wajenmu, tsohon malamin makaranta, yana kwance a asibiti a Lyon, inda 'yarsa take aure. Ya ce kafin ya tafi yana so mutumin gida ya yi masa addu'a da Hausa. An yi masa da Faransanci, ya ce amin, amma bai san abin da aka roƙa masa ba.

A Paris na sauka wajen wani Alhaji ɗan Damagaram mai shagon kayan abinci a Belleville, wanda muka taɓa cinikin riɗi da shi. Shi ya yankar mini tikitin jirgin ƙasa na ƙarfe sha ɗaya, safiyar Juma'a. Ranar Alhamis 'yar dattijon ta kira ni ta ce likita ya ce duk mai son ganinsa kada ya wuce gobe.

Kuskuren nawa ne, ba na kowa ba. A wajenmu ba ka barin gari ba ka yi sallama da waɗanda suka karɓe ka ba. Kwana uku na yi a Paris, gida huɗu suka ciyar da ni. Safiyar Juma'ar na fita tun ƙarfe takwas ina bin su ɗaya ɗaya. Kowa sai ya zaunar da ni, a kawo shayi, a tambayi mutanen gida da damina. Wata Hajiya mai gidan abinci ta ce in jira ta ƙulla yaji in kai wa ƙanwarta a Lyon. Ina ganin agogo, amma lissafin tashar mota nake yi a raina: mota ba ta tashi sai ta cika, in ka makara ka kira direba ka ce ga ka nan tafe.

Na isa tasha sha ɗaya da minti shida. Jirgi ya tafi. Matar da ke sayar da tikiti ta yi mini bayanin da ban gane ba, sai ta rubuta a takarda ta nuna mini. Sauran jiragen ranar sun cika, sai gobe da safe.

Duk tafiyar da zan yi a kasuwanci ina da hanya ta biyu. In direba ya saɓa, akwai lambar wani a aljihuna. Ranar ba ni da komai. Na zauna a kan jakata na ce, Ubangiji, ka san ni na ɓata wannan. Mutumin nan naka ne. In ka nufa in same shi, ka buɗe hanya. In ba ka nufa ba, ka ba ni abin da zan faɗa wa 'yarsa. Daga nan na koma shagon Alhaji, don ba ni da wani wurin zuwa.

"Malam, har ka je Lyon ka dawo?" in ji shi.

"Ya tafi ya bar ni, Alhaji."

"Kai ka ɗauka motar Matamaye ce, za ta jira ka gama shan shayi?"

Ya gama dariyarsa ya ɗauki waya. A kira na uku aka dace. Surukinsa zai kai buhunan shinkafa Lyon da motar kaya, amma sai an sauko daga Juma'a. Suka tafi masallaci suka bar mini shagon. Da nuni da yatsa na sayar da manja kwalba biyu da busasshen kifi.

Mun tashi wajen ƙarfe biyu da rabi. Tafiyar awa biyar ce, asibitin kuma ƙarfe takwas suke sallamar masu dubiya. Na kira 'yar sau uku, wayarta a kashe. Na san abin da hakan zai iya nufi. Zan sake kira, surukin Alhaji da ke tuƙi ya kalle ni.

"Pasto, aje wayar nan. Kira ba ya ƙara wa mota gudu."

"Ni ba fasto ba ne, mai hatsi ne."

"Yau dai kai ne. Ba ku ke ce ma mutane su dogara ga Allah ba?"

Na sa wayar a aljihu. Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Na dai yarda cewa abin ya fita daga hannuna, kuma wanda yake hannunsa ya fi ni sanin dattijon. Sauran hanyar muka yi ta gardama kan ko geron Maraɗi ya fi namu.

Bai tsaya sauke kaya ba, har ƙofar asibitin ya kai ni, takwas saura kwata, rana ba ta ma faɗi ba. Na tarar da 'yar a bakin ɗaki. Ta ce ta kashe wayar ne don kada ta dame shi.

"Yana nan, Baba. Shiga."

Dattijon ya rame ƙwarai, amma idonsa a buɗe.

"Ina fasto?"

"Bizarsa ba ta fito ba, Malam. Ni aka turo."

"Ɗan gidan wa?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Na koyar da yayanka. Ba ya jin karatu ko kaɗan." Ya miƙo hannu. "To, yi mana."

Na durƙusa na riƙe hannun. Na yi ta yadda muke yi a gida, ba ado. Na gode wa Allah don shekarunsa da yaran da ya koyar, na ambaci ƙauyensu da matarsa da ta riga shi, na roƙa masa gafara da sauƙin tafiya cikin sunan Yesu. Duk inda na tsaya yana cewa amin. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta gan mu, ta ja ƙofar.

Ya rasu ranar Lahadi da hantsi, muna cikin sujada da 'yan'uwa a wani ƙaramin zaure a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon. 'Yar ta roƙe ni in ɗaga ranar komawata in yi addu'ar jana'iza. Na tsaya na yi.