Hannun da Na Kawo Briqueterie

Ranar kasuwar garinmu ce, can arewa kusa da iyaka. Ƙarfe shida na safe na yanka bijimi, na gama fiɗa kafin mai shayi ya ɗora ruwa na biyu. Shekara ashirin da biyu ina fawa. Ba yabon kai ba, in na yanko tsoka ba sai an ɗora ta a sikeli ba. Ƙarfe takwas matata Binta ta kawo mini koko, ta yi mitar da ta saba, wai matar mahauci ce ke cin miya da ƙashi.

Ƙarfe tara da 'yan mintoci muka ji babura. Na ɗauka fatake ne, har na ce yau akwai ciniki. Sai ƙara ta tashi daga wajen masu hatsi. Ta tsaya. Ta sake tashi, kusa. Ungulayen mahauta suka watse.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Ban kwanta ba. Na miƙa hannu in ɗauke wuƙata daga kan tebur, don ta babana ce. A nan harsashi ya same ni, ƙasa da gwiwar hannun dama, ya fita ta ɗaya gefen. Ji na yi kamar an maka mini taɓarya. Mai shayi yana kwance kusa da murhunsa. Ruwan yana tafasa, shi ba ya motsi.

Ƙarfe goma ina cikin gonar dawa. Can Binta ta same ni, ba takalmi a ƙafarta. Ta yaga mayafinta ta ɗaure mini. Wuƙar tana hannuna na hagu, ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Muka yi ta tafiya, hayaƙi a bayanmu. Da azahar mun daina jin harbi. Da la'asar muka fito titi, wata motar albasa ta kwashe mu zuwa birni.

A asibiti aka yi mini aiki. Kwana goma sha biyu na yi. Ranar sallama aka ba ni takarda da Faransanci, an ja layi ƙarƙashin wata kalma, rééducation. Ma'aikacin ya ce gashin hannu ne, wanda ake ce wa kine, kuma ba su da mai yinsa. Ya ce tunda Yawunde zan nufa wurin ɗan'uwana, can komai akwai. Yatsuna biyar suna motsi a ranar. Na gwada su a gabansa.

Yaya Sale yana da tukubar tsire a unguwar Briqueterie a Yawunde. Ya ba mu ɗaki, ya ce in warke in karɓi yanka, shi ya gaji da sammakon zuwa mahautar Etoudi. Abin da na riƙe ke nan. Hannun ya dawo, in kama wuƙa, in ci da matata da gumina.

Sai aka shiga jinya irin tamu. Mu ba mu san wata jinya ba sai a hana mara lafiya motsi. Binta ta naɗe hannun da zane, ta rataye shi a wuyana. Ko buta ba a bari in ɗauka. In na motsa yatsa, Yaya ya daka mini tsawa, wai zan tayar da ciwo. 'Yan dubiya suna shigowa da lemo da ayaba, suna yaba yadda ake tattalina. Har ƙiba na yi.

Mako na biyu na je cibiyar gashin. Ƙarfe biyar da rabi na bar gida. Na tarar da layi har bakin ƙofa: masu shanyewar ɓarin jiki, 'yan babur da suka karye, mata goye da 'ya'yan da wuyansu bai tsaya ba. Ƙarfe ɗaya na isa taga. Aka karɓi takardar, aka buga hatimi, aka ce in dawo. Na dawo bayan wata guda, aka ce masu gashin biyu ne kuma ɗaya ya tafi. Na sake dawowa, aka ba ni rana. Sau uku ana duba takardar. Ba wanda ya ce in kwance zanen.

A tsakani wasu baƙi suka zo unguwa neman waɗanda suka gudo. Su kam sun kwance shi. Suka ɗauki hoton tabon ta gaba da ta baya, suka rubuta sunana, suka ce a mako mai zuwa za a kira ni. Har yau wayar tana aljihuna.

Wata biyar cif na shiga ɗakin gashi. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Wata mata ce mai farar riga, gajiya ta cika mata ido. Ta kama yatsuna ta lanƙwasa. Suka ƙi. Ta ƙara ƙarfi, na yi ihun da ban yi ba ranar harsashi.

"Tun yaushe yake a naɗe?"

Na faɗa mata. Ta saki hannun. Sannan ta ce da tun farko ina matsa ko da lemo ne a tafin hannu, safe da yamma, da ba a kai nan ba.

Lemo. Kwando nawa aka kawo mini dubiya, Binta tana ɓare mini don kada in wahalar da hannun.

Waɗanda suka harbe ni ba su yi mini alkawarin komai ba. Wanda ya ja layi a takarda da wanda ya buga hatimi sun san abin da wata biyar ke yi wa hannu. Magana ɗaya ce, ba ta kai tsawon sallama ba. Wannan ne ke cin raina.

Na yi gashin sau goma sha huɗu, sannan matar ta ce iyakar abin da zai dawo ke nan. Yaya ya ɗauki wani mai yanka. Ni fifita wuta nake yi da hagu. Wuƙar babana tana ƙarƙashin katifa.

Yatsu biyar na kawo Yawunde. Biyu ke motsi. A da, in hannuna ya ɓaci da jini, tsintsiyar hannu nake miƙa wa mai gaisawa, kamar kowane mahauci. Yanzu ma ita nake miƙawa. Hannun kuwa tas yake.