Ranar da Kaka ta Zama Kumandan

Shekarar da aka turo ni Tawa koyarwa, an ba ni wani tsohon gida a unguwar ma'aikata, cikin waɗanda Nasara suka bari. Bangonsa kauri gare shi, tagoginsa dogaye, ga baranda ta kewaye shi. Ni da matata ba mu ga abin kallo a jikinsa ba, sai jemagu da suka riga mu tarewa.

Cikin bazara kakata ta wajen uba ta zo daga ƙauyenmu na wajen Barmu, za a duba mata ido a likita. Zafin shekarar ya yi tsanani. Tun da hantsi ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ruwan randa kamar an sauke shi daga murhu, ga wuta ana ta ɗaukewa. Kowa ka gamu da shi, bayan gaisuwa sai ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Na ɗauko ta daga tasha a kan babur. Muna isa bakin gida ta sauka, ta kare ido da tafin hannu, ta tsaya cik.

"Maigida," ta ce, don haka take kirana saboda wasan jika, "nan kake kwana?"

"Nan ne, amarya."

"Gidan ga? Gidan mai jan wuya?"

Sai dariya ta kama ta. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa tana buga cinya. Matata ta fito da ruwa a kofi, ta tsaya tana kallona, ni ma ina kallonta.

Da numfashinta ya dawo, a nan bakin ƙofa ta ba mu labari. Tana yarinya, gardi, wato dogarin Nasara, kan zo ƙauye ya ce a ba da mutane don aikin dole. Mahaifinta na cikin waɗanda suka ɗauko duwatsun ginin nan a ka, har ya rasu wuyansa bai daina ciwo ba. Ita kuma da wasu ƴan mata aka sa su ɗaukar ruwa daga rijiya. Baturen da ke gidan ba ya jure bazara, sai ya sa aka rataya asabari a kowace taga, su kuma suna watsa wa asabarin ruwa wuni guda don iskar da za ta shiga ta yi sanyi. Ba shi ne babban kumandan ba, amma su duk mai farar fata da hular kwano kumandan suke ce masa.

"Ruwan da munka zuba ma gidan ga," ta ce, "da gona munka ba, da ta yi hatsi. Kuma ko matakalar ga ba mu taɓa takawa ba. Wata ƙawata ta kurɓi ruwan tulunta, gardi ya tsinka mata mari."

Sai matata ta ce, "To Kaka, yau dai ki taka."

Ta miƙe, ta tuɓe takalmi, sai kuma ta mayar. "Shi da takalmi yake shiga," ta ce.

Ta hau matakalar a hankali, ta bi ɗaki ɗaki tana shafa bango, har banɗaki ta leƙa. Da ta gama ta dawo tsakiyar falo ta riƙe ƙugu.

"Ashe ɗan wanga ne? Ni da nake tsammanin doki na sukuwa a ciki!"

Daga nan abin ya ɓalle. Ta zauna a kujerata, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta ce a miƙo mata malfata. Ta kifa ta a kan ɗankwali, ta murtuke fuska, ta nuna ni da sandarta.

"Kai, mushe! Mi kake jira? Asabari! Ruwa! Ale, bit-bit!"

Faransancinta ke nan duka, wai "malam" da "yi maza-maza", amma ya isa mulki. Na ciro asabarin ƙofar kicin na rataya a taga, na shiga jido ruwa daga randa ina watsawa. Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya ƴar Damagaram, ta leƙo ta katanga ta ga malamin lakwal, mai koyar da ƴan boko, yana gudu da tasa, zufa na zuba. Da ta ji dalili, ta shigo ta durƙusa ta gaida kumandan. Kafin la'asar matan unguwa sun cika baranda. Kaka ta yanke wa wannan tarar goro, ta sa waccan fifita, ta ce a ɗaure ni don na yi jinkiri. Matata ta yi dariya har tuwo ya kama a tukunya.

Iskar kuwa da gaske ta yi sanyi. Kaka ta lumshe ido ta ce, "Kai, ɗan banza ashe daɗi ya sha."

Muna cikin haka gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta fizge asabarin, ta yi gidan maƙwabta da shi. Awaki suka shiga kuka, mata suka watse kowace ta nufi shanyarta. Sai ƙamshin ƙasa ya bugo, sai ɗigo manya manya a kan rufin kwano, sannan ruwa ya kece. Gidan Nasara ya shiga yoyo ta ko'ina. Ina neman inda zan tara tukwane, na waiwaya ban ga kumandan ba. Tana tsakar gida cikin ruwa, ta ɗaga hannuwa sama tana guɗa, malfar ta jiƙe ta rufe mata kunnuwa. Na fita in jawo ta, ta riƙe ni, muka yi ta juyi tare kamar yara.

"Gobe gida ni kai," ta ce da muka shigo, tana rawar sanyi. "Shuka."

"Idon fa?"

"Ido na iya jira. Laima ba ta jira."

Da ƙyar muka shawo kanta ta yarda likita ya gan ta da safe. Ya ba ta maganin ɗigawa, ya ce ta dawo bayan girbi a yi mata aiki. Daga can tasha muka wuce, hanya duk taɓo, kwaɗi na ta kuka a kududdufai. Na samo mata wuri a motar Barmu kusa da wani makiyayi mai rawani. Direba bai ko tada mota ba na ji ta taɓo gwiwar mutumin tana cewa, "Bawan Allah, ka san inda na kwana jiya?"