Iliya Bara'a, Wanda Kotu Ta Wanke

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Malam Iliya Haruna a garin Misau a shekarar 1986, wadda ta yi daidai da 1406 bayan Hijira. Mahaifinsa, Malam Haruna, mai gyaran keken ɗinki ne kuma na'ibin limamin unguwarsu, mutum mai tsauri wanda idan ya furta magana ba ya waiwayarta. Mahaifiyarsa, Malama Ummi, ta rasu yana ɗan shekara tara. Tun yana da shekara uku ya faɗa cikin murhu, wuta ta cinye masa hannun dama, yatsun suka naɗe suka manne da tafin, ba su sake miƙewa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Da hagu ya koyi rubutu, da hagu yake cin abinci, kuma ya sha tsangwama wurin mutanen da ke kallon hannun da idonsu amma sai sun yi masa wa'azin falalar dama.

Karatunsa

Ya fara karatun allo a gaban mahaifinsa, ya shiga firamare a 1993, ya wuce kwalejin Larabci inda ya kammala a 2005, sannan ya koyar a wata Islamiyya tsawon shekara huɗu. A 2009 wani kwamiti na attajirai da malaman garin ya ɗauki nauyin ɗalibai biyu zuwa Masar: Iliya, da wani matashi mai suna Ukasha, ɗa tilo ga Inna Rukayya mai daddawa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ranar tafiya, a tashar mota, Inna Rukayya ta kama hannun ɗanta ta ɗora a kan na Iliya, ta ce, "Kai ne babba. Ga ƙanenka nan, amana na ba ka." Mutane da yawa sun ji wannan magana, kuma ba su manta da ita ba.

A Alƙahira ɗaki ɗaya suka zauna. Bayan shekara guda ta share fage, suka shiga Kulliyar Harshen Larabci ta Jami'ar Azhar a 2010. Iliya ya yi fice a nahawu da sarfu, har abokansa Misirawa sukan kawo masa rubutunsu ya gyara. Ukasha kuwa mutumin jama'a ne, mai barkwanci, wanda ya riga kowa iya Larabcin titi.

Kamu da Tsarewa

A ƙarshen 2013 zanga-zangar ɗalibai ta yi tsanani a birnin, kuma a ɗaya daga cikinsu harsashi ya sami wani ɗan ajinsu mai suna Fadl, ya rasu. Ranar Asabar, 14 ga Disamba, Iliya da Ukasha suka tafi jana'izarsa, domin a tarbiyyar da suka taso da ita ba a barin gawar abokin karatu saboda tsoro. Da aka ɗauki makara sai masu rakiya suka fara rera taken adawa, jana'iza ta rikiɗe ta zama gangami, kafin a kai maƙabarta motocin jami'an tsaro sun tare titin gaba da baya. Mutum arba'in da ɗaya aka kwashe a ranar, ciki har da su biyun.

An tuhume su da taro ba izini, da tare hanya, da jifan jami'ai. Wata goma sha huɗu suka yi a tsare ana sabunta musu wa'adi, a ɗakin da sai an yi karɓa-karɓa ake samun wurin miƙe ƙafa. A nan Iliya ya kamu da tarin da bai rabu da shi ba. Daga cikin Hausawan Alƙahira, wanda bai taɓa fashin ziyara ba shi ne Ammu Ya'ƙub, wani dattijo Bahaushen Sudan mai ɗinki a unguwar Hadayek el-Ma'adi, wanda ba ɗan Misau ba ne, bai ma taɓa taka Nijeriya ba.

Shari'a da Hukunci

An yanke hukunci ranar Talata, 17 ga Fabrairu, 2015. Rahoton kamu guda ɗaya ne aka yi wa mutum arba'in da ɗaya, suna kawai ake canzawa, har kuskuren rubutun da ke layi na uku iri ɗaya ne a kowace takarda, abin da Iliya ya lura da shi tun karantawar farko. Rahoton ya ce an ga kowannensu yana riƙe da tuta a hagu yana jifa da dama. Lauyansu, Ustaz Ayman, ya nemi izinin kotu wanda ake tuhuma na goma sha bakwai ya ɗaga hannunsa na dama. Iliya ya zura dunƙulallen hannun ta tsakanin ƙarafan kejin da aka tara su, alƙali ya dube shi, ya dubi takarda. Mutum biyu ya wanke: Iliya, da wani ɗalibi makaho da aka tuhuma da ɗaukar hoton jami'ai. Sauran talatin da tara, masu lafiyayyun hannuwa da idanu, ya ba su shekara biyar-biyar. Ukasha yana cikinsu.

Kalmar da alƙali ya furta a kan Iliya ita ce bara'a, wato a Larabcin kotu an wanke shi daga laifi. Hausawa goma sha biyu ne suka halarci zaman, ɗalibai sha ɗaya da Ammu Ya'ƙub. Ɗaya daga ɗaliban, Ishaq, shi ma ɗan Misau, ya kira sakataren kwamiti daga bakin ƙofar kotun. Saboda tsoron masu sauraron waya, da kuma ɗabi'ar ɗaliban Masar ta cusa Larabci a kowace jimla, kalmomi biyar kacal ya faɗa ya kashe: "Iliya bara'a, Ukasha shekara biyar."

A Misau kuwa, bara'a ita ce abin da almajiri ke yi idan ya juya wa shehinsa baya, ko ɗan siyasa idan ya tsame hannu daga jam'iyyarsa. Kafin sallar La'asar labari ya zaga gari cewa Iliya ya tsaya gaban alƙali ya barranta daga Ukasha, ya ce bai san shi ba, aka sake shi aka ɗaure marayan Allah. Kafin mako ya zagayo an samu waɗanda suka san ainihin kalmomin da ya furta, da irin kukan da Ukasha ya yi. Tun daga nan sunansa ya koma Iliya Bara'a.

Bayan Sakinsa

Duk da hukuncin, sai da ya ƙara kwana arba'in a tsare kafin a buɗe masa ƙofa. Ya fito ya tarar kwamiti ya janye tallafinsa, kuma saƙon mahaifinsa yana jiransa: kada ya tako Misau sai da Ukasha a gefensa. Ya aika da kwafin hukuncin, wani malami ya karanta a zauren sakatare ya fassara kalmar daidai, amma jama'a suka ce sun ji, to me Iliya ya ba mahukunta har suka wanke shi? Sun san kotu irin wannan ba ta sakin mutum haka kawai, kuma a nan ba su yi kuskure ba. Abin da suka kasa yarda da shi shi ne cewa ƙonannen hannu kaɗai ya raba shi da shekara biyar.

Sai ya rubuta takardar shaida da Hausa, shafi ɗaya, mai bayanin abin da ya faru a kotun, ya ja layi goma sha biyu a ƙasa domin sa hannun waɗanda suka gani da idonsu. Ammu Ya'ƙub ya sa hannu nan take, amma sunansa ba shi da nauyi a Misau. Sauran sha ɗayan, masana Larabci duka, waɗanda ba su da shakka kan ma'anar kalmar, kowa ya kawo uzurinsa. Wani jarrabawa, wani sabunta iƙama, wato izinin zama. Ishaq ya riƙe takardar ya karanta har ƙarshe, sannan ya mayar masa ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Malam Iliya. Ka san halin da ake ciki, sunana a takardar da ta shafi wannan shari'a matsala ne. Ka bari abubuwa su lafa, khalas, shi ke nan, zan sa." Iliya bai zarge su da ƙarya ba, domin tsoron nasu gaskiya ne, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Mutum ɗaya ya rage wanda maganarsa za ta wadatar, shi ne Ukasha, kuma wasiƙun fursunoni irinsa ba sa fita. A watan Agustan 2016 ciwon ƙoda ya kashe shi a kurkuku. Iliya ne ya karɓi gawar, ya yi mata wanka da hannu ɗaya Ammu Ya'ƙub yana zuba masa ruwa, aka binne shi a wata maƙabarta da ke bayan gari. Da ya kira Inna Rukayya domin ta'aziyya, tana jin muryarsa ta miƙa wa wata mata wayar. Daga ranar ya san hanyar Misau ta rufe, tunda sharaɗin mahaifinsa ya shiga ƙasa.

Aikinsa

Bai koma jami'a ba. Ya kama ɗaki a Hadayek el-Ma'adi cikin 'yan gudun hijira, ya samu aikin gyaran kurakuran rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a a Giza, inda yake zuwa kullum ta jirgin metro da ƙananan motocin haya na mikrobas. Shekara takwas ya yi yana farautar wasali da ɗigon da suka kauce a littattafan wasu, kuma masu maɗaba'ar sun shaida cewa kuskure ba ya wuce shi. Yakan ce wa sababbin ma'aikata kada su raina kalma ɗaya, amma bai taɓa gaya musu dalili ba.

Aure da 'Ya'ya

A 2017 ya auri Mahasin, 'yar Ammu Ya'ƙub, mace mai haƙuri da kaifin harshe, wadda ta sha ce masa ya yaga takardar nan ya huta. Allah ya ba su ɗa a 2018, ya sa masa suna Ukasha. Da labari ya isa Misau aka ce rashin kunyarsa ta kai ya ci amana kuma ya ci suna. Aka haifi Shahd a 2020, da Rukayya a 2022. Malam Haruna ya rasu a 2019 ba tare da ya sake yi wa ɗansa magana ba, kuma sai bayan kwana uku aka sanar da Iliya.

Shekarunsa na Ƙarshe

Ɗaliban nan sha ɗaya suka kammala ɗaya bayan ɗaya suka koma gida, wasu suka zama limamai, wasu malaman jami'a. Ishaq ya zama mai wa'azi da ake ji da shi a Misau. Duk watan Ramadan Iliya yakan aika musu hoton takardar, yana tunatar da su cewa yanzu ba su da iƙamar da za a ƙwace. Wasu sukan amsa da addu'a, wasu ba sa amsawa. Tsoron hukuma ya wuce, sai na mutanen gari ya maye gurbinsa, domin duk wanda ya yi magana yanzu sai an tambaye shi inda bakinsa yake a shekarun baya.

Mahasin ta ruwaito cewa wata rana a 2022 ya karanta a waya cewa a wata ƙasar Turai mutum goma sha biyu daga cikin talakawa sun zauna a kotu sun wanke wasu masu zanga-zanga, jama'a suna ta murna a bakin ƙofa. Ya kalli hoton da ke cikin labarin, sannan ya ce mata, "Kin gani, Mahasin, su can sha biyun da ba su san mutum ba ne suke wanke shi. Ni nawa sha biyun sun san ni, sun ci abinci a ɗakina, biro ne ya gagare su." Ta ce ba ta ƙara ce masa ya yaga takardar ba.

Rasuwarsa

Tarin da ya samo a tsare ya ci huhunsa a hankali, har ya daina zuwa Giza a farkon 2024. Ya rasu da hantsin ranar Alhamis, 10 ga Oktoba, 2024, yana da shekara talatin da takwas. Aka yi masa salla bayan Azahar a wani ƙaramin masallaci a Hadayek el-Ma'adi, Ammu Ya'ƙub ya ja sallar, mafi yawan sahun Sudanawa ne da ma'aikatan maɗaba'a. An binne shi a maƙabartar da ya binne Ukasha, kabari tara tsakaninsu.

Cikin kwana biyu duka sha ɗayan suka rubuta ta'aziyya mai tsawo, kowa yana shaida cewa marigayin bai taɓa cin amanar kowa ba, kuma shi ganau ne. Ranar Juma'ar da ta biyo baya Ishaq ya yi darasi na sa'a guda a kan ma'anonin kalmar bara'a, ya kawo hujjoji daga ƙamus uku, ya sa mutane kuka, bai ambaci wanda ya buga wayar ba. Bayan an tashi ya tafi da tawaga gidan Inna Rukayya, wadda tsufa ya riga ya ɗauke mata gani, ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Malam, tun yaushe ka san haka?" Ba a ruwaito amsar da ya ba ta ba.

Takardar shaidar tana wurin Mahasin, da sa hannu ɗaya da layi goma sha ɗaya babu komai. Malam Iliya ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Ukasha, mai shekara shida, Shahd, mai shekara huɗu, da Rukayya, mai shekara biyu. Babu wanda ya taɓa ganin Misau a cikinsu. Can kuwa, ko masu yi musu addu'a, idan za su ambace su sai su ce 'ya'yan Iliya Bara'a. Allah ya jiƙansa.