Kyamarar Gonar Baba

Duk damina Baba sai ya shiga kwalekwale da sassafe ya je fadama ya ga ko ruwan kogin Haɗeja ya hau kan shinkafarsa. Da can ban damu ba. Amma tun da gwiwarsa ta fara ciwo, har ya taɓa zamewa a bakin ruwa sai da masunta suka ɗago shi, hankalina ya ƙi kwanciya. Ina Kano ina aikin kwamfuta, kullum tsorona kada a kira ni a ce ya faɗa ruwa.

Da na zo gida na taho da kyamara da ɗan faifan sola. Na ce a kafa su a tudun gonar inda sabis ke kamawa, a soka sanda mai alamomi a cikin ruwa, ya riƙa gani a waya daga kan tabarmarsa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce a'a. Ashe kambun baka yake tsoro.

"Ke, shinkafar da ko maƙwabci ba na so ya yaba, ita za ki baje wa duniya?"

Na ce akwai manhajar da za ta haɗa kyamarar da wayarsa da tawa kaɗai, ta killatacciyar hanya, kamar burtali. Nan na kwafsa, na manta Baba jikan makiyaya ne.

"Burtali ai shanun kowa na bi," in ji shi.

Na ji haushi, don ya fi ni gaskiya. Sai na bar surutu, na haɗa komai a tsakar gida. Na ari wayar ƙanensa na gwada shiga da ita. Ta tsaya cak, saƙon neman izini ya fito a wayar Baba.

"Au, sallama take yi?"

"Sallama take yi, Baba. In ba ka amsa ba, ba mai shiga."

Ya dubi ƙanen nasa, ya danna ƙi, yana murmushi. Washegari da kansa ya zaɓo sandar.

Daminar nan sau biyu kacal ya shiga kwalekwale. Kullum da hantsi sai ya kira ni ya ce ruwa ya kai alama ta uku, ko ya ja baya da yatsa biyu. Hoton yana gabana a ofis tun kafin ya kira, amma ban taɓa gaya masa na riga na gani ba. Nakan ce, "To Baba, ya kake gani, zai ƙaru?" Sai in gyara zama in saurare shi.