Uban da Bai Taɓa Kiran Sunan Ɗansa Ba

Wata rana aka tura ni ɗauko jikata daga makarantar nazare. Wanda ya yi ritaya, kowa gani yake ba shi da aikin yi.

A bakin ƙofa sun kafa allo: wai suna koyarwa bisa kimiyyar ƙwaƙwalwa.

Na yi shekaru ina koyarwa, na ga salo iri-iri sun zo da ganga sun tafi ba sallama.  Na dai gyara tabarau.

Ba a tashi ba tukuna, sai aka ba ni kujera. Irin ta yaran. Gwiwoyina suka zo gaida haɓata.

Ina nan zaune sai ga wani bawan Allah, matashi, shaddarsa ta sha guga. Ya yi sallama ya nemi malamar ajin, Malama Kubura.

Ya zo cire ɗansa ne.

Ya ce yaron ya haura shekara uku, magana sai ɗaya-ɗaya. An kawo shi nan don bakinsa ya buɗe, ga shi kullum sai wasa da ƙasa da marafan kwalba. Zai mayar da shi inda ake riƙe alli.

Na lura da wani abu. Tun da ya fara bayani bai ambaci sunan yaron ba. "Yaron nan." "Shi wancan ɗin."

Shi wancan ɗin kuwa yana can lungu, yana tura motar kwali, bai ko ɗago ba.

Malama ta yi masa bayani a natse. Ta ce ƙwaƙwalwar yaro a wannan shekarun da hira ake gina ta: ya furta, a amsa masa, ya ƙara, a ƙara masa. Ko shirme ya faɗa, amsar ce abincinta. Ta ce a aji ya fara sakin baki kaɗan-kaɗan, amma aji rabin yini ne.

Sai ta tambaye shi.

"Alhaji, a gida wa yake hira da shi?"

"Haba Malama. Ɗan fari ne fa."

"Mahaifiyarsa fa?"

"Ai ta fi ni kunya."

"Kakarsa tana tare da ku?"

"Tana can ƙauye. Daga ni sai uwar sai shi."

"To Alhaji, kun ɗauko kunyar kun taho da ita birni, kun baro kakar a can."



Ni kaina sai da na gyara zama, iya gyaran da kujerar ta yarda.

Don gaskiya ta faɗa. Mu ma 'ya'yan fari ne wasunmu, iyayenmu ba su kira sunanmu ba. Amma a gidan da muka tashi akwai kaka mai tsokana, akwai gwaggo, akwai baba ƙarami. Uwa ta kawar da kai, baki goma sun karɓe ka. Wannan yaro kuwa an kawar da kai, babu wanda ya karɓa.

Malama ta ce, "Kafin ka tafi da shi, kira shi."

Mutumin ya dubi ƙofa. Ya dube ni. Ni kuma na ga lokaci ya yi da zan yi nazarin silin.

Ya tsuguna, shadda har ƙasa. Murya can ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara:

"Ukasha."

Yaron ya waiwayo. Ya leƙa bayan ubansa, yana neman wanda ya yi kiran.

Wannan leƙen, ban ji daɗinsa ba. Uban ma haka.

Ya sake kira. A karo na biyu yaron ya taho, ya miƙa masa motar.

"Mota."

"Mota ce? Ina za ta?"

Ukasha ya yi dogon tunani irin na direban da ya san hanya.

"Kasuwa. Sayo alawa."

Malama ta ce bai taɓa haɗa kalmomi haka a gabanta ba.

Uban ya miƙe yana kaɗe gwiwa, idonsa ya ɗan canza launi. Ƙila ƙasa ce ta shiga. Bai ƙara tayar da zancen cirewa ba. Abin da ya tambaya kawai:

"Malama, sau nawa ake yi a rana?"

Ta ce, "Ba maganin asibiti ba ne, Alhaji. Ba ya yin yawa."

Ban ga cikin ƙwaƙwalwar yaron ba, ba ni da na'urar. Na dai ga sun fita, uba ya rage tsawo, ɗa yana ba shi labarin kasuwa.

Darasi: Kunya ado ce, amma yaro bai san kunya kake ji ba. Shi dai ya ga ya yi magana ba a amsa ba. In ka rabo shi da gidan kakanni, to hirar da za su yi masa ta dawo wuyanka.

Ku tura wa sababbin iyaye. Wanda yake jin nauyin karantawa a gaban mutane, ya shiga ɗaki, ba mai gani.