Finjalin da Kawu Abdulrauf Ya Cika

In ka taɓa sayen dabino a rumfunan gindin dutsen Uhudu, wataƙila ka haɗu da Kawu Abdulrauf, wan mahaifiyata. Shi ne dogon tsohon nan da in ka kuskura ka yabi wani abu na Italiya a gabansa sai ya ce dabinon ya ƙare, alhali ga shi tuli kana gani. Mutane na cewa rikicin tsufa ne. Wallahi ba tsufa ba ne, hassada ce, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Mamata Safiyatu ce ta ba ni labarin.

Wajen 1978 Kawu yana saurayi, haifaffen Madina, jikan alhazan Kano da suka zo suka zauna. Sana'arsa shimfiɗa rukham, ya'ani dutsen nan mai santsi da ake daɓe otal da shi. Yana aiki a garin Yanbu da wata shirka, ya'ani kamfani, ta Italiyawa, sai Alhamis yake dawowa gida. Kuma mutanen nan sun tafi da imaninsa. Yadda suke magana da hannu, yadda suke taje gashi, har tafiyarsa sai da ya canja. Mama ta ce ko wanka yake za ka ji shi yana ta "piano, piano" shi kaɗai a bayi, wato sannu-sannu da yarensu.

Sai shirkar ta samu aiki a otal-otal na Madina. Su kuma ba Musulmi ba ne, ba su da hanyar shiga garin. Suka ce to za su kai ma'aikaci ɗaya Italiya, ya yi shekara a gidan mutane, ya ci abincinsu, ya ji yaren a bakin masu shi, ya dawo ya tsaya musu a Madina. Mutum biyu aka ware: Kawu da abokinsa Khalilu, wani Bahaushen Cadi sabon zuwa, wanda Kawun da kansa ya samar wa aikin.

Babban muhandis, wato injiniyan Italiyawan, ya kira su masaukinsa bayan la'asar, ya dafa musu gahawa irin ta ƙasarsu. Ya fara da Kawu, ya cika masa kofi har baki.

To ku da ba 'yan nan ba ne, ku ji. A wurinmu ɗan kaɗan ake zuba wa baƙo a gindin finjali, ƙaramin kofin gahawa, a yi ta ƙara masa, alamar ana son zamansa. In aka cika maka, ma'anarsa sha ka tashi. Kawu ya kalli kofin. A ransa ya ce khalas, shi ke nan, sun riga sun zaɓa, kora ta ake yi cikin ladabi. Ya ajiye ya miƙe.

Khalilu ya kama masa riga. "Yaya Abdu, ina za ka? Mutumin bai ma fara magana ba."

"Ya gama. Kai ne ba ka da ido."

Bai tsaya ya ga an cika na Khalilu shi ma ba. Khalilu kuwa a garinsu ko shayi sai an cika shi ake miƙa wa mutum, don haka ya shanye, ya nemi ƙari, suka yi ta hirar kurame da dariya har magariba. Shi aka kai.

Shekara ta zagayo Khalilu ya dawo da tumbi da labari. Wai a gidan wata tsohuwa ya zauna, a wani gari kusa da duwatsun da ake fasa rukham. Tukunyarsa daban take ajiye masa saboda naman alade, amma ba ta zuba masa abinci sai ya faɗi sunan duk abin da ke ciki. Ta aike shi kasuwa shi kaɗai, in an cuce shi ta mai da shi ya yi faɗa. A faɗa ya iya yaren. Duk unguwa ta taru tana saurare, Kawu yana gefe yana sakace.

"Shekara guda cur, abin da ka koyo taliya? Taliyar da Safiyatu ke murzawa da hannu?"

"Tasu daban ce, Yaya."

"Eh mana. Har da yaren ma daban ne, na ƙauye ta koya maka. Ni na san yadda muhandis yake magana."

Abin da ya fi ci masa rai, Khalilu ne ya zama shugabansa a aikin Madina. In Italiyawa suka bugo waya daga Yanbu, Khalilu ya dinga zuba kamar ruwa yana wurga hannu, Kawu yana durƙushe kan dutse, leɓensa na motsi yana bin kalmomin a ɓoye. In aka kalle shi sai ya ce tasbihi yake.

A 1983, wata Juma'a da yamma, Khalilu ya zo gidanmu cikin farin tobe, jallabiyar nan ta Larabawa, ana zaune da baƙi. Kawu ya ɗauki dalla, butar gahawa, da kansa. Ya zuba wa kowa ɗan kaɗan yadda ya kamata. Da ya zo kan Khalilu sai ya yi ta zubawa har ta malalo masa a yatsu. Khalilu yanzu ba baƙo ba ne, ya auri Mariyamu, 'yar Madina, ya san komai. Ya kalli finjalin, ya kalli Kawu, ya shanye da zafinsa.

"Akramakallah, Yaya Abdu." Ya sa takalmi ya fita.

Washegari Mariyamu ta faɗo wa Mama ko sallamar kirki babu. "Safiya, me mijina ya yi wa yayanki? Shirka za ta sake kai mutum ɗaya Italiya, aka ce Khalilu ya zaɓa. Albishir ya zo yi masa!"

Mama ta samu Kawu a ɗaki. "Yaya, don Allah ka je ka ba shi haƙuri. Abin da kake mafarki ne fa."

"Ni? In roƙi Khalilu? Wanda na koya wa riƙe guduma?"

Amma ya sa kaya, har da turare. Mama na leƙensa ta taga, ya kai bakin layin su Khalilu, ya jiyo shi a ƙofar gida yana wasa da 'yarsa da yaren nan, ita ma tana amsa masa. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo.

Wani Ali aka kai. Kawu ya bar aikin rukham a watan, ya kama rumfar dabino, yana nan har yau. Italiya ko a jirgi bai taɓa bi ta samanta ba.

Rannan na ce masa, "Kawu, da kai aka kai fa?"

Ko kallona bai yi ba. "Shi shekara ya yi a gindin tsohuwa. Ni wata uku sun ishe ni, ya walad. Kuma da yaren birni zan iya."