Auta da Motar Bara

Auta kafinta ya haura hamsin a duniya, amma har gobe idan ka ambaci kwance a gabansa sai jijiyar wuyansa ta miƙe. Shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, maza huɗu a gabansa, kuma duk abin da ya taɓa jikinsa tun yana yaro sai da ya bi ta jikinsu tukuna. Wando ya iso masa da faci a gwiwa. Takalmi ya zo da siffar ƙafar wani. Kai, hatta shagon da yake aiki a ciki na Yaya Babba ne, da ya samu wanda ya fi shi ya bar masa, har da zarton da haƙoransa suka zube.

Abin takaicin, shi kullum sabo yake fitarwa. Gadaje, kujerun falo, kabad mai ƙamshin katako, duk daga hannunsa, duk a loda a kai gidan wasu. Shi kuwa a kan wani tsohon benci yake zama, wanda ya tarar a shagon.

Shi ya sa da Allah ya hore masa ya ce mota zai saya, kuma sabuwa. Matarsa ta ce, "Baban yara, ga na hannu nan masu kyau."

Ya ce, "Na hannun wa? Ni dai sau ɗaya a rayuwata in riga kowa zama."

Sabuwar bana ta fi ƙarfinsa. Sai wani abokin cinikinsa ya ba shi haske: masu sayar da motoci, idan shekara ta juya sababbi suka iso, sukan tura ragowar na bara bayan fili su karya farashinsu. Ba hawansu aka yi ba, kwantai kawai suka yi.

Auta ya saka kayansa masu kyau ya tafi. Dillalin kamfanin, wani mai laktayi da bakin zuma, ya ratsa da shi ta cikin ɗakin gilashi mai sanyi inda na bana ke walƙiya, suka fita ta ƙofar baya, suka wuce wurin wanki. Can jikin katanga ga su a jere. Wata fara ta shiga ransa, kujerunta lulluɓe da leda. Bai tambayi shan mai ba, bai tambayi ƙarfin inji ba.

"Malam, tsakaninka da Allah, wani ya taɓa hawanta?"

"Haba yallaɓai! Ba ka ga ledarta ba? Dal take."

Ranar da ya kai ta gida ya kafa doka: ba mai cire leda. Rana ta take, ledar ta manne wa mutum a baya, gumi na tsiyaya, matarsa na tsaki, shi ko a jikinsa. Ƙarar ledar nan idan ya zauna ta fi masa kowane kiɗa daɗi. Yayyensa suka zo gani. Yaya Babba ya zagaye ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, ya ce, "Ta bara ce, ko? To, ba laifi." Auta ya haɗiye maganar, don ya san abin da ya saya.

Ba a yi wata ba kwandon cefane ya yaga ledar kujerar baya. Matarsa ta ɗauko salatif za ta liƙe kafin ya gani. Tana zura hannu a lungun kujerar sai ta zaro 'yar safa ta ƙaramin yaro, ƙafa ɗaya. Ta ɗaga ledar da ke bayan kujerar direba. Ga zanen rana da gida da jan fensirin kala, a jikin kujerar, a ƙarƙashin leda. Su kuwa autarsu ta gama sakandare.

Ta kira shi. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya karɓi safar ya shiga mota ya nufi kamfanin.

Dillali na hango shi ya sulale. Auta ya wuce kai tsaye ofishin manaja, ya dangwarar da safar a kan tebur.

"Wannan ta wace ce?"

Manajan ya kalli safar, ya kauda kai. A bayansa ga hoton 'yar yarinya da jakar makaranta.

"Yallaɓai, kwantar da hankalinka. Motar da ta daɗe a ajiye ba a barinta haka nan. Batir ya mutu, taya ta lotsa. Dole a riƙa ɗan motsa ta."

"Motsa ta har makarantar 'yarka? Kullum? Ku ji min rainin hankali!"

"Ba a taɓa yi mata rajista da sunan kowa ba. A wurinmu sabuwa ce. Kuma ka san abin da ya fita ba ya dawowa."

"A wurinku! Ni na ce muku rajista na zo saya? Tambaya ɗaya na yi, ɗaya tak, aka rantse min!"

Muryarsa ta cika ɗakin gilashin, masu kallon na bana suka juyo. Manajan ya miƙe da sauri ya riƙo hannunsa ya ja shi baya, yana cewa za a gyara, yanzun nan, kyauta. Ya ƙwala kira, "Kai, kawo ledar nan!"

Sai ga wani ma'aikaci ya fito daga sito da naɗin leda a kafaɗa, ƙato, kamar naɗin kafet, da almakashi a aljihu. Ta ƙofar siton Auta ya hango wata motar bara, ƙofofi a buɗe, ana ja mata sabuwar leda a kujeru ana ɗamewa.

Wato abin da ya yi ta gumi a kai ke nan. Abin da ya hana matarsa taɓawa ke nan.

Auta ya buɗe motarsa ya kama ledar ya fizge, ta gaba, ta baya, ta sitiyari, ya dunƙule ya tura wa manajan a ƙirji. "Riƙe kayanka. Ita ce kaɗai sabuwa, kuma ba na so."

Labari ya riga shi isa, matarsa ta kasa riƙewa. Ya tarar da Yaya Babba a ƙofar shago yana dariya har da riƙe ciki.

"Auta, ashe dai kwance ne! Ai da ka yi magana da na bar maka tawa."

Auta ya wuce shi kamar bai gan shi ba. A tsakiyar shagon akwai kujerar da ya gama jiya, ko fenti ba a shafa mata ba, mai ita zai aiko a ɗauka da yamma. Ya sa ƙafa ya hankaɗe tsohon bencin ya kife. Ya jawo kujerar ya zauna, ya riƙe hannuwanta gam.

Da direban mai kujera ya iso ya yi sallama, Auta ko motsi bai yi ba.

"Ka ce masa zan yi masa wata. Wannan tawa ce."